Sanyin Jos da zafin Kaduna: ni dai ga inda na tsaya

Duk shekara da zarar watan Maris ya kama, zafi ya fara gasa mutane a Kaduna, sai ka fara jin zancen Jos a ko'ina, a majalisa, a cikin keke, a teburin mai shayi, har a Facebook. Kowa sai ya ce kai da ma a Jos nake zaune, wai can ko fanka ba a kunnawa, wai can Turai ce a cikin Najeriya. Kuma ba ƙarya suke yi ba, a waɗannan watanni Jos ta fi Kaduna daɗi nesa ba kusa ba. Sai dai yawancin masu wannan magana baƙunta suka je, biki ko wani taro, suka kwana biyu suka dawo, alhali shekara wata goma sha biyu ce. Ni ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, da take aure a Jos wajen Unguwar Rogo, na je mata da bazara, na je da damina, na kuma je a tsakiyar hunturu, kuma in aka ce yau in zaɓi garin da zan zauna shekara ta zagayo saboda yanayi kawai, wallahi Kaduna zan ɗauka. Na san za a ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to a bari in kawo dalilaina tukuna. Kuma maganar yanayi kawai nake, ba maganar kasuwa ko zaman lafiya ba, wannan kowane gari da irin abin da ya gani, Allah ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.

Abin da ya raba garuruwan nan biyu ba nisa ba ne, tudu ne. Kaduna tana wajen mita 600 sama da teku, Jos kuwa tana wajen mita 1,200, wato ninki biyu kenan, kuma duwatsun Shere da ke gabashin garin sun haura mita 1,800. Iska kuma duk hawan mita 1,000 da ka yi tana rage zafi da wajen digiri 6, to ka ga tsakaninmu da su akwai digiri 3 zuwa 4 da Allah ya ba su kyauta, dare da rana, rani da damina. A takarda digiri 4 ba wani abu ba ne, amma a jiki shi ne bambancin wanda ya yi barci da wanda ya kwana yana fifita. In ka bi ta hanyar Pambeguwa ka wuce Saminaka ka nufi Jengre, da kanka za ka ji lokacin da mota ta fara hawa, iskar da ke shigowa ta taga ta canza, kafin ku kai garin Mista Ali wani a bayan mota ya fara cewa direba a ɗaga gilashi. Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kogin nan namu na Kaduna daga can saman Filato ya taso, ya gangaro ya ratsa garinmu, ya wuce Shiroro inda aka tare shi ana samar da wuta, sannan ya je ya faɗa Kwara. Wato ruwan da ya sauka a kansu wani kaso a ƙofar gidanmu yake wucewa.

To bari in fara da inda muka sha kaye, don gaskiya ɗaya ce. Bazarar Kaduna ba wasa ba ce. Daga tsakiyar Fabrairu zafi yake fara leƙowa, Maris da Afrilu kuwa sai dai haƙuri, rana tana kai digiri 35, 36, wani lokaci ta doshi 40, kuma abin da ya fi ciwo ba ranar ba ce, daren ne. Ɗakin da aka rufa da kwano babu silin mai kyau, ya sha rana tun safe, da daddare in ka shiga kamar ka shiga tanderun masu burodi, bango da zafi, katifa da zafi, ruwan da ke cikin tanki ma da zafi. Sai ka ga gida kaf an fito tsakar gida an baje tabarmi, yara suna kuka ƙurajen zafi sun feso musu a wuya da baya, uwa ta jiƙa zani ta lulluɓa musu, kafin minti kaɗan ya bushe. In an ɗauke wuta shi kenan, ga fetur tun da aka cire tallafi a 2023 ba kowa ke iya tada janareta ya kwana ba, masu hali sun koma sola, marasa hali sun koma mafici. Azumin 2024 da na 2025 duk a cikin Maris suka faɗo, wanda ya yi su a Kaduna ya san yadda ƙanƙara ta zama abin nema, la'asar na yi ka ga yara da kula suna zagaya unguwa gidan da ke da firiza. Kuma lokacin ne ake fargabar sanƙarau da ƙyanda, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke ta nanata kada a cunkushe a ɗaki ɗaya babu taga.

A daidai wannan lokaci Jos tana wajen digiri 30 zuwa 32 da rana, ranar tana da cizo fa, don ranar kan tudu ce, amma da ka shiga inuwa shi kenan ka huta, da magariba ta yi kuma iska ta sauko, ka yi barcinka har da ɗan mayafi. Ba abin da zan ce a nan, sun ci wannan zagayen. Ba banza ba Turawan mulkin mallaka suka maida wajen wurin hutawarsu, ga kuzar da suka zo haƙa tun farkon ƙarni na 20, har suka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos saboda ita. Haka cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tun 1924 take can. Kuma sanyin nan shi ke ciyar da mu, mu faɗi gaskiya, dankalin turawan da muke soyawa da azumi daga Bokkos da Mangu yake zuwa, ga kabeji da karas da koren wake da ake lodi a kasuwar Farin Gada ta Jos, har strawberry ana nomawa a wajen Vom, abin da a da sai a hoto muke gani.

Amma fa zafin nan namu yana da iyaka, kuma iyakar ba ta da nisa. Wata biyu ne zuwa biyu da rabi masu tsanani. Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu sai ka ga gabas ta haɗe, hadari ya taso da guguwa, ƙura ta turnuƙe, mata suna gudu suna kwashe shanya, sannan ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, washegari yara su fito kamun gina a gindin fitila. Daga nan Kaduna ta zama wani gari daban. Mu ba kamar Kano ko Sakkwato ba ne da za su jira har Yuni suna kallon sama, mu ruwa yana riga su sauka kuma yana daɗewa bai ɗauke ba, har cikin Oktoba. A shekara muna samun ruwa wajen milimita 1,200, Jos tana samun wajen 1,400, kun ga ba wata tazara mai yawa ba ce. Abin da ya bambanta shi ne yadda daminar take zama a jiki.

Daminar Kaduna tana da sanyi mai daɗi, rana ta tsaya wajen digiri 27 zuwa 29 a Yuli da Agusta, a yi ruwa da daddare ko da yamma, gari ya waye rana ta fito ta busar da kaya. Ka bi ta Unguwar Rimi ko Malali ko ka shiga wurin shaƙatawa na Gamji bakin kogi ka ga yadda gari ya yi kore shar, ga masara gasasshiya a kowace kwana, ga dafaffiyar gyaɗa. Daminar Jos kuwa, wanda bai zauna ba ba zai gane ba. In marka ta kama a Agusta sai a wuni ana yayyafi, sama a rufe, hazo ya sauko kan duwatsu, rana da ƙyar take haura digiri 24, ga iska mai ratsa ƙashi. Kayan wanki sai su yi kwanaki a igiya ba su bushe ba, a ƙarshe a shigo da su ɗaki a rataye suna warin danshi, takalmin da ka ajiye a ƙarƙashin gado ya yi fumfuna, bango ya jiƙe. Mai jego da ke wanke kayan jariri kullum ita ta san wannan wahala, na ga yayata tana bin kayan jaririnta da dutsen guga na gawayi ɗaya bayan ɗaya, ba don su yi kyau ba, don dai su bushe a samu na sakawa. Kuma can ana ruwan ƙanƙara, wani lokaci ya sauka ya farfasa ganyen kabeji da tumatir a gona, manomi ya tashi da asara.

Wato sanyin Jos kashi biyu ne, mutane ɗaya kawai suke lissafawa. Akwai na damina, sannan ga babban, na hunturu, daga tsakiyar Nuwamba har ƙarshen Janairu ko ma Fabrairu. Da daddare yana sauka digiri 11, wani lokaci ƙasa da 10. Wani zai ce ai a Ingila wannan ba komai ba ne, eh, amma su gidajensu an gina su don sanyi, da hita a kowane ɗaki. Mu gidajenmu na bulo da kwano ne, taga ba ta rufuwa ruf, ƙofa da rata a ƙasa, banɗaki a waje. Ka tashi sallar asuba a Jos a watan Disamba ka taɓa ruwan buta, yatsunka su ƙage, sai an dafa ruwa kafin a yi alwala, a dafa na wanka, a dafa na wanke-wanke, a dafa na yara 'yan makaranta, kafin ƙarfe bakwai an ƙona gawayi ko gas na kuɗi masu yawa. Shi ya sa nake cewa masu cewa a Jos ba ka kashe kuɗin fanka, to ka kashe a gawayi da bargo da suwaita. Gida mai yara biyar kowa sai an nemo masa rigar sanyi da hula da safa a gwanjo, kuma yaro bana ya saka baɗi ta yi masa kaɗan.

Wata asuba a gidan yayata na fito na same ta a tsugune gaban kurfoti tana hura wuta, ta saka suwaita biyu ta ɗora hijabi a kai, bakinta yana fitar da hayaƙi in ta yi magana. Na ce Yaya yanzu haka kuke fama duk shekara? Ta ce kai dai bari ƙanina, ai wannan da sauƙi, bari Janairu ta shigo ka gani, amma wallahi gara wannan da zafinku, ni in na zo Kaduna da bazara ji nake numfashina zai ɗauke. Na ce to ai ke kin saba ne. Ta ce kai ma sabawar ka yi. Muka yi dariya, amma ina kallon surukarta, Hajiya, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana zaune a bakin ƙofa an lulluɓe ta da bargo tana jiran rana ta fito ta samu ta miƙe ƙafa, sai wajen ƙarfe goma take iya takawa da kyau. Na gaishe ta na ce Hajiya ya sanyi, ta ce sanyi lokacinsa ne ɗan nan, amma ƙafafun nan ba nawa ba ne sai azahar. Wannan abin ya tsaya min a rai. Sanyi yana da daɗi ga matashi mai jini a jika da jaket mai kyau, amma tsoho, da jariri, da mai asma, da mai sikila, da almajirin da yake kwana a zaure, su ba hutu ba ne a wajensu. Ga kuma haɗarin da ake shiga garin neman ɗumi, a shigar da gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta, hayaƙin nan da ba a gani ba a jin warinsa yana kashe mutane cikin barci, don Allah duk inda kuke a daina wannan.

Hunturun Kaduna fa? A ganina shi ne lokacin da ya fi kowane daɗi a garin nan. Dare yana sauka wajen digiri 14 zuwa 16, sanyin da bargo ɗaya ya ishe ka, ka yi barci har da minshari, safiya ta yi ka sha kunu da ƙosai da zafinsu, kafin ƙarfe goma sha ɗaya ka cire rigar sanyi, rana ta koma wajen 30 amma busasshiya, babu gumi. Sauro ya ragu. Masu lambu a bakin kogi sun fara fito da latas da tumatir da alayyafo, ga rake, ga lemo, ga sabon hatsi ya shigo kasuwa daga kaka. Ƙura kam akwai ta, ba zan ɓoye ba, iskar nan da take tasowa daga Sahara ta wajen Chadi tana kawo hazo har jirgi ya kasa sauka, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi da faso, kowa da basilin ko man kaɗe a aljihu, mura da tari kuwa gida-gida. Amma wannan ƙurar ba ta tsallake Jos ba, su ma suna shan ta, ga sanyi ya haɗu da ita. To in za a sha ƙura a sha, gara in sha ta a inda yatsuna suke motsi.

In ka zauna ka lissafa da kyau sai ka ga mu wahalarmu a dunƙule take, Maris, Afrilu, da ɗan abin da ya taɓa Fabrairu da Mayu, sai kuma ɗan zafin da yake dawowa a Oktoba in ruwa ya ɗauke kafin iska ta juyo. Sauran shekarar lafiya lau. Su kuma nasu a rarrabe yake, wata uku na hunturu, wata biyu na marka da danshi. Wanda jikinsa yake son sanyi zai ce duk wannan ba wahala ba ce, kuma ba zan yi masa musu ba, jiki da jiki akwai bambanci. Ni dai nawa jikin, da na mahaifiyata da take zaune tare da mu, da yarana, mun fi samun lafiya a nan. Kuma ina son yadda Kaduna take nuna maka kowane lokaci a fili, bazara bazara ce, damina damina ce, kaka da hunturu kowa da kamanninsa, ba mu kai Kano zafi da ƙura ba, ba mu kai Legas gumi da danshi ba, ba mu kai Jos sanyi ba. Ko Gwamna Lugga da ya tashi hedikwatar Arewa daga Zungeru ya dawo da ita nan a 1917, ai zafi da rashin lafiyar can na cikin abin da ya kore su, ga kogi ga layin dogo a nan.

Akwai abu biyu da suke damuna game da garin nan, kuma duk biyun ba laifin sama ba ne. Na farko ambaliya. Kogin Kaduna in ya cika a Agusta da Satumba ba ya jin kira, waɗanda suka ga ta 2003 har yau suna ba da labari, an sake yi a 2012, kuma kusan duk shekara sai ka ji mutanen Kigo Road ko Bashama Road a Tudun Wada ko Rafin Guza suna kwashe kaya. Mun gina gidaje a hanyar ruwa, mun cika kwatoci da leda da robar fiya wata, to ina ruwa zai bi? Kada wani ya ce ai Jos tudu ce ba ruwansu, a Yulin 2012 ruwa ya ɓalle ta wajen dam ɗin Lamingo ya shiga Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, aka rasa rayuka sama da 30, Allah ya jiƙansu. Ruwan kan dutse da gudu yake zuwa, ba ya ba da sanarwa.

Na biyu bishiyoyi, kuma wannan shi ya fi ci min rai. Kadunar da muka taso a ciki gari ne mai inuwa, mangwaro da darbejiya da maɗaci a jere a bakin titi, ka yi tafiya mai nisa a ƙafa rana ba ta taɓa ka ba. Yanzu an faɗaɗa tituna, an yi plaza, an yanka filaye, kowa ya sayi fili abu na farko da zai yi shi ne ya sare bishiyar da ya tarar ya shafe tsakar gida da siminti ko intalok, sannan Afrilu ta zo ya ce garin nan ya lalace da zafi. Je ka Rigasa ko sabbin unguwannin bayan gari da tsakar rana ka tsaya, sannan ka dawo tsohuwar GRA inda manyan itatuwa suka rage ka tsaya, gari ɗaya ne, rana ɗaya ce, amma jikinka zai gaya maka bambanci. Tudun Jos ba za mu iya ɗauko shi mu kawo nan ba, amma darbejiya ɗaya a ƙofar gida da mangwaro ɗaya a tsakar gida, da silin mai kyau da taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, wannan kam a hannunmu yake, kuma darbejiya ba ta da wuyar raino, in ka dasa ta farkon damina ka kare ta daga awaki shekara kaɗan ta fara ba ka inuwa.

Wanda yake son ya je Jos ya huta, shawarata ya je a Maris ko Afrilu, ya shiga gidan tarihin nan da aka buɗe tun 1952, ya hau Shere in yana da ƙarfin gwiwa, ya cika but da dankali da kabeji a Farin Gada ya dawo. Wanda kuma aka tura aiki ko karatu can, ko za a kai ta aure, to a haɗa da bargo mai nauyi tun daga gida, kada a jira Disamba lokacin da 'yan gwanjo suka san ana nema. Yayata kuwa har yanzu tana kan bakanta, bana ma da na kira ta kan maganar bikin 'yar ƙanwarmu ta ce in dai an saka shi a Afrilu to a yafe mata, sai ruwa ya sauka za ta zo, dole aka ɗaga shi zuwa Yuni.